Ƙafar da Ta Rufa wa Kuloci Asiri

Tun da ka ce matsalar ƙarama ce kuma ka iya lallaɓa ta, zauna ka ji misalin wani mutum da shi ma ya iya lallaɓawa.

Yana da wata mota mai turbo, abin nan da ke cusa wa inji iska ya ƙara masa ƙarfi. Ƙarfin da ta zo da shi bai ishe shi ba, sai ya kai ta wurin wani bakanike mai aiki da kwamfuta aka ƙara mata. Da zai tafi, bakaniken ya gaya masa an ƙara wa jaki kaya ne ba a sake igiyar ɗauri ba, domin kulocinta, wato abin da ke miƙa ƙarfin inji zuwa tayoyi, na asali ne, ba a yi shi don wannan ƙarfi ba. Har gwaji ya koya masa. Ya ce ya sami hawa, ya sa babbar giya yana tafiya a hankali, sannan ya take totur har ƙasa. In allurar inji da ta maleji suka tashi tare, lafiya lau. In kuwa inji ya yi kururuwa, allurarsa ta yi sama amma gudu bai ƙaru ba, to kuloci na zamewa, ya dawo a sauke giyabos. Mutumin ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa mai tallan magani a tasha.

Ba a jima ba abin ya nuna kansa. Wata rana yana hawa gada ya taka, inji ya ɗauki ƙara, motar ta yi kamar ba da ita ake ba, wani ƙauri ya shigo masa hanci. Ga shi ya riga ya cika baki a majalisa, ya cika baki a gida, cewa motarsa kan wuce tirela kafin a ƙifta ido. Ina zai sa kansa in aka gan ta a ɗage a gareji, kayan cikinta a ƙasa? Gwajin nan bai yarda ya yi shi ba, don tsoron amsar da ya riga ya sani. Sai ya koya wa ƙafarsa dabara. Ya gano iyakar inda zai taka kuloci ya riƙe, ya daina ƙetare wurin. In ya hango hawa sai ya rage giya tun daga nesa, in ƙauri ya taso ya ɗora wa motar gabansa laifi. Ƙafar ta ƙware, babu wanda ya gane komai.

Ana nan sai tafiya ta taso zuwa Jos gaida surukai, ana gobe tafiyar kuma ya yi targaɗe a ƙafar dama wajen ƙwallo. Matarsa ta iya tuƙi, ita ta karɓi makulli, 'yarsu Na'ima ta kwanta a baya. Tun daga ƙofar gida maganar take bakinsa. Ya ce a ransa in sun fita gari zai faɗa mata. Da suka fita gari ya ce sai sun kusa duwatsu. Duk tsawon hanyar idonsa na kan ƙafarta, gumi na keto masa, ita kuwa tana tsammanin zafin targaɗe ne har tana yi masa sannu.

A wani dogon hawa suka tarar da tirelar siminti tana jan ciki. Matar ta leƙa, ta hango tankar mai can nesa tana gangarowa. Da motar da mijinta ya daɗe yana ba ta labari ce, tazarar ta isa har da saura. Ta fita a babbar giya, ta take totur har ƙasa. Inji ya kwarma ihu, allura ta yi sama, motar kuwa ta maƙale a gefen tirela. Tanka sai girma take yi a gilashi, direbanta ya ɗora hannu a kan hon. Matar ta ƙara dannawa, don abin da kowa zai yi ke nan.

"Ɗaga ƙafarki!" in ji shi. "Kuloci ne, ba zai riƙe ba. Taka birki ki koma!"

Ta taka, suka faɗa bayan tirela, tanka ta shafe madubin gefenta ta wuce da shi. Ta gangara bakin hanya ta tsaya. Ƙauri ya cika motar, yarinya ta farka tana kuka. Matar ta kalli inda madubin yake ɗazu, sannan ta juyo.

"Baban Na'ima, ban ga ka yi mamaki ba. Tun yaushe ka sani?"

An sa sabon kuloci, an sa sabon madubi. Amma daga ranar, in ya ce mata abu lafiya lau yake, sai ta je ta tambayi wani.

To ka ji. Ƙafarka tana iya rufa wa abu asiri iya tsawon lokacin da kai ke tuƙi, sai dai wata rana wata ƙafar ce za ta taka, kuma naka ne a ciki. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.