Ƙwaryar Goggo Dudu da Motar Roka

Tun da aka daina yaƙi, manyan motocin rokar soja gajimare suke harbi, ruwa ya sauko. Sai dai kowane gari da ranarsa, ga geron Goggo Dudu, tsohuwar Bafulatana, ya kwana ashirin ba ko ɗigo.

Ranar Talata wata motar za ta wuce, baiwar Allah ta zauna daram tsakiyar hanya da ƙwaryar nono.

Mai motar, Saje Kyari, Babarbare ne, abokin wasanta. Ya leƙo. "Goggo, tashi. Naku sai watan gobe."

"Bawana, sauko ka sha tukuna."

Ga rana, ga ƙishi. Ya shanye tas, har da lasar ludayi.

"To," in ji ta, "a garinku haka ake, a sha nonon mutum a bar geronsa ya mutu?"

Sojojinsa suka kwashe da dariya. Kunya ta sa ya ɗaga bututun rokar sama, roka shida suka tashi.

Yara na ta tafi, Goggo kuwa tuni ta faɗa rami rub da ciki, hannu bisa kai, irin na lokacin yaƙi.

Kafin la'asar ruwa ya kece, gero ya miƙe. Har yau Goggo rantsuwa take, wai ɗan kunnenta take nema a ramin.