Kafar Bayan Ɗakin Inna

Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa cin zarafin wani mahaluƙi kamar yadda aka ci nawa ba. Ni da kowa ya shaida da iya tsara gida, ni da ake kawo baƙi su ga zaurena, wai yau in na gifta majalisa sai a kama tari da gangan. Tari, Sallau! Har da masu furfura. To, tunda ka ce gobe za ka saka magina a tsohon gidan mahaifinku, gyara zama in ba ka misalin wani bawan Allah. Ba ka san shi ba, daina kallona haka.

Mutumin nan ya gaji gida, a cikin gidan akwai ɗakin mahaifiyarsa, a cikin ɗakin kuma akwai gadon ƙasa, irin wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa lokacin ɗari. Ka san yadda abin ya faro. Mutanen zamanin da, a tsakar bukka suke hura wutarsu, hayaƙi ya ratsa jinka ya yi gaba abinsa. Da aka koma soro, rufi ya zama azara da ƙasa, hayaƙi ya rasa mafita, sai aka shiga ɗebo garwashi a kasko. Kakan mutumin nan kuwa da ya zo gina gadon, ya yi masa baki ta gaba inda ake tura itace, ya kuma bar wata 'yar kafa ta baya wadda ta huda bango ta fita waje. Da ƙyar hannu zai shige ta. Bai gaya wa kowa amfaninta ba, don a zamaninsa ko akuya ta sani.

Ana nan sai tsohuwa ta tafi wani gari zaman jegon jikarta. Mutumin, da yake mai jin ƙan iyaye ne, ga shi kuma da ido, ya ce bari ya ba ta mamaki. Ya sa aka shafe ɗakin da siminti ciki da waje, aka yi fenti ruwan ƙwai. Da ya zagaya baya sai ya ga kafar nan, baƙa ƙirin, hayaƙi ya yi mata gemu har sama, ta tsaya a bangon kamar giɓi a bakin ango. Ya cusa mata ɓaraguzai, ya kwaɓa siminti da hannunsa, ya shafe sumul. Wallahi ko ƙuda ya sauka sai ya zame.

Ɗari ya shigo, tsohuwa ta dawo. Aka hura wuta ta ƙi ci. Hayaƙi ya riƙa dawowa ta bakin gadon yana cika ɗaki, gado ya yi sanyi kamar gindin randa. Gwiwoyinta suka ƙage, tari ya sarƙe ta. Mutumin ya tashi tsaye neman mai laifi. Ya tare mai itace ya ce ɗanye yake kawowa. Ya ce matarsa ba ta iya hura wuta ba, matar da ta aurar da 'ya'ya da tuwon murhu. Ya sayo hita mai aiki da lantarki, ranar aka ɗauke wuta, ta zama wurin shanya ɗankwali. Wani ya ce iskoki ne suka tare a ɗakin, aka kawo turare, hayaƙi ya samu ɗan'uwa. Magini ya zo ya ce a fasa gadon kawai, ai ya tsufa. Jin haka tsohuwa ta aika wa ƙanin mutumin ya zo ya ɗauke ta. Ka san abin da za a ce a gari: babban ɗa ya kasa riƙe uwarsa, ƙarami ya karɓa.

Da hantsi ƙanin ya iso, an ɗaure kaya. Tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Bara gadon nan lafiyarsa ƙalau. Me aka taɓa?" Mutumin ya ce, "Ba a taɓa komai ba, Inna, gyara kawai aka yi." Ta dogara sandarta ta zagaya baya, tana ƙwanƙwasa bango kamar mai zaɓen tukunya a kasuwa, har ta zo inda amo ya sauya. Ta ce a kawo taɓarya. Ana fasa wurin, aka sake hura wuta, ta kama ɓal-ɓal, hayaƙi ya bi tsohuwar hanyarsa yana shafa wa sabon fenti gemu. Tsohuwa ta ɗora tafin hannu a kan gado, ta jima, sannan ta ce a kwance kayan.

Don haka Sallau, in tsohon abu ya ƙi aiki, kafin ka zagi tsufansa tambayi wane hannu ne ya taɓa shi a ƙarshe. In kuma ka ga rami a aikin mutanen da, nemi wanda ya girme ka kafin ka kwaɓa siminti. Ni abin da ya fi ƙona min rai, ba wanda ya yaba aikin. Sai da taɓarya ta tsage kafin simintin nan ya saki, amma Inna ko sannu ba ta ce min ba. Wato ba ta ce wa mutumin ba. To, shi ke nan, ni ne, sai me? Yi tarinka kai ma. Hausawa dai sun riga sun gama magana: garin neman gira, aka rasa ido.