Baburin Tsoho

Lauya ya shiga shagon sayar da babura ko sallamar kirki bai yi ba. Can ƙurya ya hango mahaifinsa durƙushe gaban wani sabon babur, yana shafa tayar gaba da tafin hannu.

Mahaifin nasa tsohon likitan dabbobi ne. Ya daɗe da ajiye aikin gwamnati, amma makiyaya ba su ajiye shi ba, don haka kullum yana kan hanyar ƙauyuka, matarsa na biye da shi da akwatin magani. Lauya, babban ɗansu, yana zaune a wani gari mai nisa, sai an daɗe yake leƙowa. A makon nan ƙanwarsa ta tsegunta masa abu biyu: likitan ido ya ce ganin Tsoho saura kaɗan, kuma tsohon baburinsa ya mutu, zai sayi sabo. Lauya ya baro aikinsa ya taho da rantsuwa a bakinsa, cewa wannan babur ba zai bar shagon nan ba.

Baburin kam, a faɗi gaskiya, ya yi kyau. Matsakaici ne, ya fi na 'yan haya nesa ba kusa ba, amma bai kai jibga-jibgan da ake keta ƙasashe da su ba. Ga dogayen ƙafafu, ga taya mai manyan haƙora, ga ɗan gilashi mai tare iska, ƙarƙashin injin kuma an rufe da farantin ƙarfe saboda duwatsu. Mai shago sai zuba yake yi, wai kwalta da turɓaya duk ɗaya ne a wajensa.

Lauya ya gaida iyayensa a gurguje, ya shiga jero hujjoji kamar yana gaban alƙali. Ya kawo maganar shekaru, ya kawo ta ido, ya kawo ta ɗakin da ya gyara musu a gidansa, har da fanka da talabijin. Tsoho ya bar shi ya ƙare tas.

"Ka gama?" ya ce. "To ni ba kaya ba ne da za ka jingine a kusurwar falonka. Gobe akwai saniyar da ke jirana, kuma zan je."

Daga nan ya juya ga mai shago kamar ɗan nasa bai zo ba. Ya sa aka tayar da injin, ya karkata kai yana sauraro, ya ce muryarsa ta yi. Ya matsa kuloci, ya ce ya yi tauri, a sassauta. Ya tambaya ko ana iya rage tsayin kujerar. Mai shago ya dubi tsawon mutumin, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, ya ce ana iyawa. Sai Tsoho ya koma bayan baburin ya daɗe a can, yana danna soson kujera, yana jijjiga ƙarfen riƙewa, yana laluben matakan ƙafa.

Wannan laluben ne ya karya zuciyar Lauya. Mutumin da ya koya masa hawan keke, yau shi ne ke neman ƙarfe da yatsu a tsakiyar rana. Tausayi ya kama shi, tsoro ya biyo baya, su biyun suka haɗu suka zama fushi.

Ya koma wajen mahaifiyarsa neman agaji. Mama 'yar ƙaramar mace ce marar yawan magana, kuma tun shigowarsa take zagaya baburin fuska a murtuke. Ta tambayi nauyinsa idan an cika tanki. Ta tambayi yadda birkin baya yake yi a cikin yashi. Ta ce madubin ya cika nisa. Lauya ya ji sanyi a ransa, ko banza akwai mai hankali ɗaya a gidan, tana nema wa abin aibu ta hanyarta. Ya raɗa mata cewa ta taimake shi, ita ce fa ke hanyar nan da shi kullum. Ta dube shi kawai, ta gyara ɗaurin takalminta.

Mai shago, ganin ciniki na neman suɓucewa, ya ce akwai fili a baya, a gwada a ji. Aka tura baburin waje, ya kawo hulunan kwano biyu, ya miƙo makulli. Lauya ya riga kowa cafewa, ya tsaya tsakanin uban da baburin.

"Baba, ka yafe mini. Sai dai ka bi ta kaina."

Tsoho bai ko ɗaga murya ba. Ya laluba ya ɗauki hularsa, ya kifa a kai, ya ɗaure igiyar a haɓa, ya tsaya ƙiƙam yana jira. Mai shago ya rasa inda zai sa idonsa.

"Kawo makullin nan," in ji Mama.

Lauya ya saka mata a hannu yana ajiyar zuciya, don ya san in ta riƙe abu, magana ta ƙare.

Ta tattare zanenta, sai ga wando mai kauri a ƙasa. Ta wurga ƙafa ta haye, ta ture jak ɗin da ya tokare baburin da dunduniya, ta murza makulli. Tsoho ya dafa kafaɗarta ya zauna a baya, ya kama ƙarfen riƙewa.

"Matsa mana, ɗan nan," ta ce. "Tun kafin ka yi aure ni nake tuƙa ubanka."