Shatin Ƙwallo a Jar Ƙasa

Ranar da za a rushe filin tanis ɗinmu na Iskandariya a Masar, Baba ya ce in kai shi. Na riƙe masa hannu, don ya daɗe da makancewa.

"Wagdi, ina kujerata?"

"An kwashe, Baba. Gasar da ake yi a nan ma ai shekararta talatin da mutuwa."

Ya yi dariya. "Shekara ashirin ina alƙalancin layi, ban taɓa kuskure ba. Ka tuna wasan ƙarshe, kai da ɗan Italiyan nan? Na ce ƙwallon da ya bugo ta faɗa cikin layi, kofi ya wuce ka. Sati guda uwarka ba ta kula ni ba! Alhali kai da kanka ka duba shatinta a ƙasa, ka goge da ƙafa, ka yarda."

"Haka aka yi, Baba."

Amma shatin yana waje da layi, da faɗin yatsu uku. Da na kira babban alƙali ya sauko ya duba, da duk filin ya gane abin da na gane ranar: idon Baba ya fara tafiya.