Akwatin Saƙonnin Banza

Karo na huɗu ke nan a mako ɗaya da Suwaiba ta ciro saƙon Malam Zakiru daga akwatin banza ta mai da shi inda ya kamata. Ta danna, ta nuna wa ordinatar, wato kwamfutar, cewa wannan ba shara ba ne, saƙon babban biro ne, wato babban ofishinsu, daga Maradi. Ordinatar ta amsa kamar mutuniyar kirki. Gobe ma za ta sake, Suwaiba ta sani.

Wata uku ke nan da ta baro Bader Goula ta kama aikin sakatariya a biron ƙungiyar makiyaya a Dakoro. Aikin gwaji ne, ba a sa hannu a kontira ba tukuna. Ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, ordinatar ɗaya mai ƙugi kamar injin niƙa. Saƙon kowa yana shigowa lafiya lau, har na masu tallar maganin ƙiba. Na Zakiru kaɗai, mutumin da ke aiko da ranakun rigakafin dabbobi, shi ne ke faɗawa akwatin da aka rubuta wa "indésirables", da ɗan hoton harshen wuta a gefensa. Akwatin nan kuwa share kansa yake yi duk bayan kwana biyu.

Ta haka aka yi asarar ranar rigakafin garin Tagriss. Likitocin dabbobi suka je da allurai cikin ƙanƙara, suka tarar da fili ko akuya babu, don ba wanda ya sanar da makiyaya. Zakiru ya kira ta a waya, muryarsa ba wasa.

"Madam, ordinatar ba ta ƙarya. Na aiko, ba ki karanta ba. In aka ƙara, ki aje makulli."

Ta ajiye makulli ta koma ina? Uwarta na kwance a gida, aikin nan ne ke riƙe da su. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske.

Ba abin da ba ta gwada ba. Ta sa adireshin Zakiru a littafin sunaye. Ta goge, ta sake sawa. Ta kashe, ta kunna. Da abin ya ishe ta sai ta ɗauko mai gyara daga bakin kasuwa. Ya duba, ya taɓe baki.

"Abin nan koyo yake, ƙanwata. Duk saƙon da hannu ya danna wa wutar nan, riƙewa yake. Akwai mai koya mishi."

Ya kashe matatar da ke ware saƙonni gaba ɗaya, ya ce yanzu ko aljani ba ya iya kai saƙo can sai da yatsa. Washegari ta tarar da saƙon Zakiru a akwatin banza, wuta na gefensa.

To, ga magana. Makullan biron uku ne. Ɗaya nata. Ɗaya na Kimba, tsohon gardi mai tsaron biron, wanda ko goge ordinatar ba ya yi don kar kuran, wato lantarki, ya kama shi. Na ukun yana aljihun shugaban ƙungiya, wanda duk gari ke ce wa Alhaji Cindo, har ita ba ta taɓa jin sunansa na yanka ba.

Sai ta fara haɗa abubuwa. Alhaji bai taɓa kiran sunan Zakiru ba, kullum "wancan na Maradi". Ranar da Zakiru ya zo rangadi, Alhaji ya miƙe ya tafi kasuwar dabbobi, ko hannu bai ba shi ba. Da ta kai masa kukanta kuwa, tana faɗin sunan ya kau da kai yana kallon bango, ya ja carbi, ya ce Allah shi kyauta. Wato gaba ce tsakanin manya, ita ce za a yanka a tsakiya.

Gaba kura, baya sayaki. In ta ce dattijon da makiyaya suka zaɓa yana ɓoye takardu, wa zai yarda da baƙuwar wata uku? In ta yi shiru, aiki ya tafi. Ga ranakun sabon rigakafi ana jira a makon nan.

Ranar Talata, ana idar da sallar asuba ta nufi biro. Ƙofa a buɗe, Kimba na shara a waje. Ta leƙa ta taga.

Alhaji ne zaune a kujerarta, tabarau a hanci. Mutumin da ba ya karanta boko, yana bin allon da yatsa layi layi, har ya tsaya a kan suna ɗaya. Ya lallaɓa ya danna wutar. Sannan ya buɗe akwatin banza ya zuba wa saƙon ido, ya daɗe bai motsa ba.

Ranta ya ɓaci. Ta danna lambar Zakiru tun kafin ta shiga, don ya ji da kunnensa.

"Baba Alhaji, ashe kai ne?"

Ya zabura kamar an kama shi da hannu a tukunya.

"Nan nike aje su, ɗiyata. Kowa na shigowa biron ga, ido ya yi yawa. Ni dai in duba ni kaɗai. Amma kullum sai in iske sun ɓace."

"Haba Baba! Aikina zai tafi! Mi Zakiru ya yi maka da zafi haka?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. A wayar, Zakiru na ta cewa alo, alo. Kimba ya yar da tsintsiya ya taho bakin ƙofa yana riƙe da haɓa.

"Ke, rufe bakinki! A garinku haka ake kiran sunan ɗan fari a gaban ubansa?"