Ƙarfen Cikin Barira

Tun da aka kafa dokar ƙiba, duk wanda ya wuce ma'auni sai a yi masa tiyata, a saka masa wani ƙarfe a ciki mai matsewa in ya ci da yawa. Barira mai tuwo da can cika ƙofa take yi. Yanzu zaninta sau biyu yake zagaye ta.

Ranar sunan jikanta ta ƙara loma ɗaya, sai ƙarfen ya matse. Ta faɗi tana aman jini, ta rarumo wuƙar yankan rago ta kafa a cibiyarta.

Ɗanta Gambo ya murɗe mata hannu har ƙashin ya karye.

Ya ce, "Inna, yi haƙuri. In kika cire shi, doka ta ce ni za a ɗaure."

Sauran matan da suka zo sunan suka ci gaba da ci a hankali, kowacce ta dafe cikinta.