Makullin da Baballe Ya Haɗiye

Makullin ya daki bakin siminti, ya yi tsalle ɗaya, ya faɗa kanal ɗin ban ruwa tsundum. Baballe ya tsaya baki buɗe, don daga bakin nasa ya faɗo. Haka yake yi kullum: in zai murɗa ƙarfen ƙofar ruwa da hannu biyu, sai ya cije makullin kwaɗon a haƙori. Yau atishawa ta ci amanarsa.

Na uku ke nan a rani ɗaya. Ranar da na biyu ya tafi, Malam Sammani, jami'in da ke kula da ƙofofin ruwa daga Kadawa har wajen Bunkure, ya ce in aka kuma, Baballe zai ajiye kaki da keken aiki ya koma gida. Shi kuwa tun da aka sako ruwan Tiga, kakin nan ne mutuncinsa. Mutumin da a da ko a ɗaurin aure ake tsallake shi wajen rabon goro, yanzu masu tumatir Sarkin Ruwa suke ce masa, har suna sauka daga jaki su gaishe shi.

Ya yi ta nutso har idonsa ya yi ja, ban da katantanwa bai kamo komai ba. Tsoro ya kama shi sosai. To Baballe in ya tsorata dabara takan zo masa, sai dai ba kullum take tahowa da hankali ba.

Ya taka keke sai Kura, rumfar Maharazu mai zanen motoci. Maharazu ya yi suna a zaki da mikiya a jikin gingimari, amma a bana wani sabon hauka ya kama shi. Wani ɗan'uwansa mai shara a asibiti a birni yana kawo masa tsofaffin hotunan ƙashi da za a zubar, baƙaƙen nan da ake ɗagawa a rana a ga cikin mutum. Sai ya kankare su da reza, ya liƙa ɓawon albasa da gashin zabo da ƙaro. Haƙarƙari ya zama kejin tsuntsu, karyayyen ƙwauri ya zama dabino. Mutane suna cewa ya taɓu, amma ba mai wucewa bai tsaya ba.

"Makulli za ka saka mini a ciki," in ji Baballe. "Wanda ya yar da makulli korarsa ake yi. Wanda ya haɗiye kuwa, sannu ake yi masa."

Maharazu ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sannan ya hau tona tarin. Duk ƙirji ne da hannuwa. Ɗaya tak ya nuna ciki daga haƙarƙari zuwa ƙugu, kuma da ma ya ɓoye shi saboda kyansa: akwai wasu abubuwa biyu zagayayyu kamar ƙoƙo, kowanne da wani siririn layi mai kama da carbi ya lanƙwaso daga jikinsa.

"In aka tambaye ka waɗannan fa?"

"Tuwo ne. Kowa ya san malmala biyu nake ci."

Kafin la'asar makulli ya fito fes a tsakanin malmalolin, har da haƙoransa uku.

Kwana biyu Baballe ya ɓuya, wai ya je birni ɗaukar hoto. Ranar na uku ya shiga ofis a duƙe, hannu a mara. Malam Sammani ya ɗaga hoton a taga, ya manta da faɗan da ya tanada. Masinja ya kira direbobi, direbobi suka kira leburori, ofis ya cika da salati. Aka ba Baballe kujerar da bai taɓa zama a kai ba. Daɗi ya kwashe shi, ya ƙara gishiri: wai da safe zuciyarsa tashi take yi, kuma abin har motsi yake yi masa.

Gishirin nan ne ya yi yawa. Tausayi ya kama Malam Sammani, ya ce a tayar da mota, sai an ji ko abin na fiɗa ne. Baballe ya so ya zille, amma mai motsi a ciki ba ya cewa ya warke.

A ƙaramin asibitin ma'aikata suka tarar malamin asibitin ya tafi Kano. Sai Sista Hajara, wata dattijuwa mai tabarau da ta yi shekara ashirin tana aiki a birni kafin a kawo ta nan. Ta ɗaga hoton, ta daɗe tana kallo. Ta sa farce ta shafa makullin. Ta dubi gemun Baballe, ta dubi cikinsa da ya lafe kamar faifai. Leburori sun yi cincirindo a taga.

"Bawan Allah, ka tabbata cikinka ne wannan?"

"Nawa ne, Sista, ko a gaban alƙali."

"Kuma yana motsi?"

"Ba ya bari in huta."

Ta gyara tabarau, ta miƙa wa jami'in hoton da hannu biyu.

"Malam Sammani, makullin dai aikin reza ne, ba zai kashe kowa ba. Amma a fara neman ragunan suna guda biyu, don tagwaye ne a cikin mutumin nan, wata tara, kuma ɗaya ya riga ya juyo da kai."